Godiya ga tawagar ƴan'uwa da suka yi aiki a gidan marayu, Damagaram

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Mu kwamitin kula da gidan marayu na ikkilisiya a nan Damagaram, tare da iyaye mata masu reno, muna miƙa godiyarmu ga ƴan'uwa ƴan sa-kai da suka taso daga Najeriya suka yi mako biyu da mu. Sun biyo ta Kano da Daura, suka ƙetare iyaka a Kongolam, suka iso ta Matamaye cikin ƙurar hunturu. Sannunku da hanya, sannunku da aiki. Tun 1924 da ƴan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka fara aiki a garin nan baƙi ke zuwa hidima, kuma mun lura wanda ya tambayi masu gida kafin ya ɗauki shebur, aikinsa ne ke daɗewa. Ku kun tambaya.

Babban abin da muka roƙa shi ne ruwa. Kowa ya san garinmu a kan dutse yake zaune, daga nesa ake turo ruwan famfo, in zafi ya kama kuma sai a kwana biyu ana jira. Tsohon tankinmu ya tsage ne saboda an ɗora shi a kan bulo huɗu, tsakiyarsa tana lilo. Lita 1,000 na ruwa tan guda ne, to tankin lita 5,000 dole ya zauna a kan daɓe shimfiɗaɗɗe, ko tsakuwa ɗaya kada ta tokare gindinsa. Suka zuba daɓen da awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, suka rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, ana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Iskar hunturu tana shanye danshin siminti tun bai yi ƙwari ba, shi ya sa daɓen da aka yi wa gaggawa ke fashewa. Sun kafa wa sabon tankin rumfa, don rana tana cin roba, haske kuma in ya shiga ciki sai gansakuka ta fito. Ruwan da muke saye a hannun ƴan ga-ruwa kuwa, yanzu kowane bido mai lita 20 ana jefa masa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs, a rufe, a jira minti 30. In ruwan ya gurɓace sai an bar shi ya kwanta an tace tukuna, in ba haka ba dauɗar ke cinye ƙarfin maganin.

Ɗakin ajiya ma ya samu gyara. Duk shekara ƙwari na cinye mana wake tun damina ba ta sauka ba. An juye shi cikin buhunan PICS masu ninki uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Sai waken ya bushe ƙayau, a duba leda ko da huji, a matse iska, a ɗaure kowane ninki dabam. Rashin iska ke kashe ƙwarin, ba a sa magani ko kaɗan. An jera buhunan a kan katako, nesa da bango, don ɓera in ya huda leda aikin ya lalace.

Gidajen sauro an shanya su a inuwa kwana guda kafin a ɗaura. Farantan sola kuma an nuna wa mai gadi ya riƙa share musu ƙura da sassafe, tun ba su yi zafi ba.

Akwai inda aka samu tangarɗa, kuma shugaban tawagar da kansa ya ce mu faɗa don masu zuwa nan gaba. Filogin injin huda bangon da suka kawo mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, namu soket ɗin na ƙafa biyu zagayayyu ne, sai da aka ɓata rabin yini ana neman mahaɗi a kasuwa. Littattafan yara duk na Ingilishi ne, alhali da Faransanci ake karatu a lakwal, don haka na zane da na lissafi kaɗai suka yi amfani. Magungunan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa ba mu karɓa ba. Ya fi sauƙi a zo da kuɗin, a canza su sefa, a sayi magani nan bisa takardar likita.

Abin da ya fi taɓa mana zuciya shi ne yadda suka bi ƙa'idar gidan ba gardama. Baƙo ba ya keɓewa da yaro, ba ya sa hoton fuskarsa a Facebook, ba ya yi masa alkawarin zai dawo ya ɗauke shi. Jarirai kuma a hannun masu renonsu suke zama. Mun san da wuya a ga jariri yana miƙo hannu a ƙi ɗauka, amma yaron da ya riga ya rasa uwa, in ya shaƙu da baƙo mako biyu baƙon ya tafi, rashi na biyu aka ja masa, mai reno ce kuma za ta kwana tana lallashi. Sai ƴan'uwa mata na tawagar suka karɓi wanki da ɗaurayar kwanoni, suka zauna tsintar wake a tabarma, iyayen renon suka samu sararin goyo da ba da abinci a natse.

Muna gode wa ikkilisiyoyin da suka tara baiko suka aiko su, da zumuntar mata da suka riƙe tukunya safe da dare, da ma'aikatan likita da suka zo suka auna damtsen ƙananan yaran don gano tamowa. Godiya ta musamman ga mai unguwa da maƙwabtanmu Musulmi, da maginan da suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da tawagar. Ranar Juma'a akan ajiye shebur su je masallaci, su dawo a ci gaba. Allah ya bar zumunci, ya saka wa kowa da alheri, ya kai baƙinmu gida lafiya.

Abin da ya rage shi ne kwanon ɗakin kwanan samari, yana yoyo ta wajen ƙusoshi. Tawagar da ke son zuwa ta shirya tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kafin zafin Afrilu, kowa da katin rigakafin zazzaɓin shawara a hannunsa.