Yadda nake yi wa gyambon ƙafar mai ciwon suga tiyata

Gyambon da ke tafin ƙafar mai ciwon suga ba ya nuna girmansa daga waje. Bakinsa zai iya zama kamar kwabo, amma da an zura ƙarfe sai a tarar rami ya bi ta ƙarƙashin fata har tsakiyar ƙafa. Mai ciwon kuwa ba ya jin zafi, domin suga ya riga ya kashe jijiyoyin ji, shi ya sa yake ta takawa a kai har sai wari ya fito. Yawancin waɗanda nake gani sun ɗauki makonni da ciwon: wani ƙusa ya taka, wani garwashi ya ƙone shi yana jin ɗumi da hunturu, wani kuma wanzami ne ya yanke masa kanta, wato fatar da ta yi kauri, da aska. Kafin su iso asibiti an riga an gwada ganye da toka da man shafawa.

Ba na ɗaukar wuƙa sai na san ko jini yana isa ƙafar. Ina laluben bugun jijiya a wuri biyu, a bayan ƙafa da kuma bayan idon sawu ta ciki. Idan ban ji ba, ko na ji da rauni, sai na'urar Dofla, mai jiyo gudun jini a cikin jijiya. Ana auna ƙarfin jini a idon sawu a raba shi da na dantse. Sakamako tsakanin 0.9 da 1.3 shi ne lafiya. Idan ya sauka ƙasa da 0.5, ko ƙarfin jinin idon sawu bai kai 50 mmHg ba, ko na babban yatsa bai kai 30 ba, to duk abin da na yanka ba zai warke ba sai an fara buɗe hanyar jini. Akwai tarko a nan: jijiyoyin jinin mai suga da ya daɗe sukan ƙandare, igiyar awo ba ta iya matse su, sai lissafi ya haura 1.3 a zaci lafiya lau ne. A irin wannan na fi yarda da awon yatsa. Baƙin ɓawon da ya bushe a dunduniya, babu mugunya, babu wari, ƙafar kuma ba jini, ba na taɓa shi. A shafa aidin a bar shi a bushe. Wanda ya kankare shi ya buɗe ramin da ba zai rufu ba.

Sai maganar ruɓa. Jan da ya kewaye mikin idan bai wuce santimita 2 ba kuma ciwon na fata ne kawai, wannan na ɗakin wankin miki ne da magungunan sha. Idan ya wuce haka, ko ya kai agara, gaɓa ko ƙashi, kwanciya ta kama. Idan zafin jiki ya haura digiri 38, bugun zuciya ya wuce 90, numfashi ya wuce 20 a minti, to yanzu ran mutum ake ceto kafin ƙafarsa. Amma rashin zazzaɓi ba ya kwantar mini da hankali, da yawansu ƙafa tana ruɓewa jiki yana sanyi ƙalau. Alamar da ta fi fito da su ita ce sugan da ya ƙi sauka duk da insulin. Mugunyar da ta taru a ciki, naman da ya mutu, ko iskar da hoto ya nuna a cikin tsoka, duk suna bukatar tiyata cikin awa 24 zuwa 48, ba a jiran suga ya daidaita tukuna. Suga ba zai sauka ba matuƙar mugunya na ciki.

Ina zura siririn ƙarfe mai dakusasshen baki cikin kowane gyambo. Idan na ji ya bugi abu mai tauri da gautsi, ƙashi ke nan, kuma a ƙafar da ta ruɓe ina ɗauka cutar ta shige shi. Hoton eksire yana makara da mako 2 zuwa 3, don haka hoton farko mai kyau ba ya wanke ƙashi. Gwajin jini na ESR, mai nuna kumburi a jiki, da ya haura 70 yana ƙara ƙarfafa zargi. Sai dai a kiyaye: ƙafar da ta kumbura, ta yi ja, ta yi zafi, amma babu miki, sau da yawa ciwon Charcot ne, wato ƙasusuwa suna narkewa suna gocewa saboda mutuwar jijiya. A ɗaga ta sama na minti 10, jan zai ragu. Wannan siminti irin na karaya take so, tsaga ta ɓarna ce.

Kafin shiga ɗakin tiyata ana mayar da majinyaci kan insulin, a nemi suga ya tsaya tsakanin 7.8 da 10 mmol/L, a ƙara ruwa, a duba ƙoda da yawan jini, a yi allurar tetanus. Sau da yawa allurar kashe zafi a kewayen idon sawu ta wadatar, ba tare da adirenalin a ciki ba. Ba na ɗaure cinya don tsayar da jini, domin zubar jinin ce take gaya mini inda naman mai rai ya fara.

Aikin kansa daga gefe nake fara shi. Da wuƙa mai lamba 10 ko 15 nake fere kantar da ta kewaye mikin, in cire rufin duk wani rami da ya shige ƙarƙashin fata, har mikin ya zama mai faɗin baki, babu lungu. 'Yan'uwa sukan tsorata idan suka ga ya ninka girmansa, don haka nake gaya musu tun kafin a shiga. Naman da ya yi toka-toka, ko baƙi, ko yake ɓarkewa idan an ja shi, fita zai yi. Tsoka mai rai ja ce, tana zubar da jini, tana motsi idan an tsunkule ta. Agarar da ta daina ƙyalli ta yi laushi ita ma fita za ta yi, kuma nakan jawo ta in yanke daga can sama, saboda ta cikin kubenta mugunya take hawa zuwa tsakiyar ƙafa har ta kai ƙwauri. Bayan nan ina matsa tafin ƙafa daga dunduniya zuwa yatsu. Idan mugunya ta ɓullo, akwai ɗakin da ban buɗe ba. Sai in tsawaita yankan a tsaye, ta gefen ciki na tafin ƙafa inda nauyi bai cika sauka ba, in bi da yatsana har inda ramin ya ƙare. Ƙaramar huda da zura roba ba sa fitar da irin wannan mugunya. Ina wankewa da ruwan gishiri na asibiti mai yawa, in canza safar hannu da kayan aiki, sannan in yanko nama daga ƙasan mikin don gwajin ƙwayoyin cuta. Audugar da aka goga a saman miki dattin waje kawai take kwasowa.

Ƙashin da ya kamu yana da laushi, cokalin kankare ƙashi yana shiga cikinsa ba wahala. Ina cire shi har in kai mai tauri mai tsatso jini, in aika guntun wannan bakin mai kyau a duba. Amsar ce take yanke tsawon shan maganin kashe ƙwayoyin cuta: idan an cire duk mai cutar, 'yan kwanaki sun isa, idan saura ya rage a bakin, har mako 3, idan ba a cire ƙashi ba sam, mako 6. Wajen yanke yatsa tare da dogon ƙashin da yake zaune a kai, ina barin gindin na ɗaya da na biyar muddin suna da lafiya, don a nan agarorin da ke daidaita ƙafa suke manne. Idan gindin na biyar ya tafi, ƙafa takan karkace ciki, sabon gyambo ya fito a gefenta. Idan yatsu uku za su tafi, gara a yanke gaban ƙafar gaba ɗaya a rufe da fatar tafin ƙafa mai kauri, da a bar yatsu biyu da za su karkace su jawo wani yankan.

Mikin da ya ruɓe ba na ɗinke shi. Ina cusa gauz mai damshin ruwan gishiri sako-sako, in sake dubawa bayan awa 48, kuma ba abin mamaki ba ne a koma ɗakin tiyata sau biyu ko uku. Haidurojin da sauran ruwaye masu ƙuna suna kashe sabon nama, da zarar miki ya yi tsabta nake dakatar da su. Zuma tana da arha kuma ana yawan amfani da ita, amma ba ta cire mataccen nama. Inda akwai na'urar da ke zuƙe ruwan miki ta cikin soso, ana saita ta a kan 125 mmHg, a canza soson kowane kwana 2 zuwa 3, da sharaɗin babu sauran ruɓa. Idan jan nama ya cike ramin sai a ɗebo siririyar fata daga cinya a dasa. Inda aka yi ɗinki, zaren yakan kai mako 3 ko 4 kafin a cire.

Abin da ya fi lalata aiki mai kyau shi ne takawa. Gyambon tafin ƙafa wanda babu ruɓa kuma jini yana isa, simintin da ya rungume ƙafa har ƙasan gwiwa shi ne ya fi komai, ana canza shi kowane mako. Amfaninsa majinyaci ba ya iya cire shi ya tafi kasuwa. Idan siffar ƙafar ce ke jawo dannewa, wuƙa tana gyarawa. Yatsan da ya lanƙwashe har kansa yake tokarar ƙasa, yanke agarar da ke ƙarƙashinsa da bakin allura ko ƙaramar wuƙa aikin 'yan mintoci ne. Agarar dunduniya da ta ɗaure tana tura nauyi gaban ƙafa, ana tsawaita ta da ƙananan yanka uku, amma idan aka zarce sai nauyin ya koma dunduniya, gyambon can kuwa ya fi wuyar magani. Cire kan ƙashi ɗaya ma yakan mayar da nauyi kan maƙwabcinsa.

Ina auna tsawo da faɗin miki kowane mako. Idan bai ragu da rabi ba cikin mako 4, ba na canza kayan wanki, komawa nake yi in sake duba jini, ƙashi, da ko ana takawa. Bayan warkewa ma kimanin 40 cikin 100 gyambonsu yakan dawo cikin shekara guda, don haka ranar sallama nake cewa, "Baba, takalmi ko a tsakar gida, a zazzage shi kafin a sa, a tsane tsakanin yatsu bayan alwala, a riƙa duba tafin ƙafa kullum, kanta kuma a kawo mana mu fere." Ɗaya ƙafar ita ma ana duba ta a kowane zuwa, da zaren gwada ji da ake dannawa a fata da ƙarfin giram 10.