Yashen kanal da rabon aiki a ƙungiyar manoman rani

Duk wanda ya yi aiki da ƙungiyoyin manoman rani, a Kadawa ne ko a wajajen Haɗeja, ya san ranar yashen kanal ake gane ƙarfin ƙungiya. Mai gona a sama, wato farkon kanal, ruwa zai iske shi ko an yashe ko ba a yashe ba. Na ƙarshen layi shi laka da ciyawa ke tare wa ruwa. Sai ka ga shi kaɗai ya fito da shebur, bana ya fito, baɗi ya gaji ya sayi injin ban ruwa, kanal ta cushe wa kowa.

Mancur Olson, masanin tattalin arziki ɗan Amurka, ya bayyana dalilin tun 1965: idan amfanin aiki zai isa ga wanda ya yi da wanda bai yi ba, ci-ma-zaune sukan yi yawa, musamman idan ƙungiya ta yi girman da ba a gane wanda bai zo ba. Shi ya sa ya fi a raba aikin gida-gida, kowane rukuni da tsawon kanal ɗinsa, a kira suna da safe, a rubuta.

Elinor Ostrom, masaniya 'yar Amurka wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta kawo misalin da ya fi wannan zurfi daga lardin Ilocos Norte a Filifin. Ƙungiyoyin manoman ban ruwa na can, da ake kira zanjera, sukan yanka fili kashi-kashi, kowane manomi ya samu rabo a sama da kuma ƙasa, don haka babu wanda zai ce ƙishin ƙarshen layi bai shafe shi ba. Shugabanni kuwa da gona a can ƙarshe ake biyansu. Idan ruwa bai kai ba, nasu ne zai fara bushewa. Wannan dabarar ta fi wa'azi dubu.

Sai maganar tara, inda ƙungiyoyi da yawa ke tuntuɓe. Ana sa ta da nauyi don a tsorata mutane, to amma wa zai karɓi kuɗi mai yawa daga hannun surukinsa? Sai a yafe, daga nan doka ta mutu. Gara a fara da gargaɗi, na biyu kuɗin lebura na yini guda, na uku a hana shi ruwa zagaye ɗaya. Shari'ar ma kada ta yi nisa ko ta daɗe. A Balensiya ta Sifen, kotun ruwa tana zama kowace Alhamis da tsakar rana a ƙofar babban coci, manoma ne alƙalai, da baki ake kawo ƙara, a nan take a yanke.