Sarki Debs a Kan Gada

Na shafe yammacin jiya ina duba tsofaffin zanen barkwancin siyasa na Amurka, sai na lura cewa jirgin ƙasa ya mamaye da dama daga cikinsu. A 1882 mujallar The Wasp ta San Francisco ta zana kamfanin jiragen ƙasa na Southern Pacific a siffar dabbar teku mai hannuwa da yawa, kowane hannu ya kanannaɗe wani: manomi, mai haƙar ma'adinai, mai sayar da katako.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Harper's Weekly a 1894, lokacin yajin aikin ma'aikatan Pullman, kamfanin ƙera taragun jirgin ƙasa. An zana Eugene Debs, shugaban ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, sanye da kambi, ya hakimce a kan wata gada da aka juya ta yadda babu jirgin da zai iya wucewa. Mai zanen bai nuna mafarin rigimar ba, wato yadda kamfanin Pullman ya zaftare albashin ma'aikata amma ya ƙi rage kuɗin hayar gidajen da ya ba su, kuma a ganina hakan ba adalci ba ne. Shugaba Grover Cleveland ya tura sojoji Shikago, kotu kuma ta ɗaure Debs wata 6. Da ya fito a Nuwamban 1895, dubban mutane ne suka tarbe shi a Shikago, inda ya gabatar da dogon jawabi a kan 'yanci.