Wai injin ne ya yi aikin

Talata. Sanyin Zariya ya kankama, har da hazo. Auta, yaron aikina, ya makara kamar kullum, wai babu abin hawa daga Kwangila. Koko da ƙosai a tsaye, muka wuce Hanwa.

Aikin gidan Alhaji ne, ƙarafan da tankin ruwa zai zauna a kai a saman dekin, sai 'yan ramukan na'urar sanyaya ɗaki ta bayan ginin. Kankaren saman nan wanda ya zuba shi ya ji tsoron Allah, bai yi rowar siminti ba. Da na kunna injin huda kankaren sai ya ƙi duka, juyi kawai yake yi. Auta har ya zaro ido. Na ce kwantar da hankalinka, giris ne ya daskare don sanyi, bar shi ya ɗan yi gudu ya ɗumama, ka dunguri bakin a ƙasa. Ya kuwa kama.

Kafin azahar mun gama komai, mun share. Ashe saurin nan ne laifina.

Alhaji ya hauro, ya zagaya, ya girgiza ƙarafan da hannu, ko motsi ba su yi ba. Sai ya ce, "Malam, wai har kun gama?" Na ce da yardar Allah, ranka ya daɗe. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai ni kuɗin da muka yi magana, na ɗauka aikin wuni biyu ne. Ina kallonka daga ƙasa, ko gumi ba ka yi ba. Riƙe shi kawai kake yi. Injin ne ya yi aikin." Har da ƙarin cewa yaron da ya sa masa ƙarafan taga bara, shi kam ya ga aiki, da ƙirji yake danna nasa injin har rigarsa ta jiƙe.

Na yi dariya, amma ta ciki na ciki.

Na ce ranka ya daɗe, injin yaron nan daban, wannan daban. Nasa dirila ce ta gama-gari, wasu faifai biyu masu haƙora ne a ciki suke gugar juna, in bai danna ba babu abin da zai faru. Wannan kuwa fistin ne a cikinsa yake matsa iska, iskar ta cilla wani ɗan ƙarfe ya daki gindin bit ɗin, wato bakin da ke huda ramin, kusan sau 4,000 a minti ɗaya. Shi ya sa bit ɗin ba a ɗaure yake tamau ba, yana da 'yan kwaruruka a gindi da suke barinsa ya yi gaba ya yi baya. Tun 1975 kamfanin Bosch ya fito da wannan tsari da ake kira SDS. In na haye shi da ƙirji ramin ba zai ƙara sauri ba, zafi kawai injin zai ɗauka, bakin ya mutu da wuri. Alhaji ya gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya gama lissafinsa. Ya ce, "Ka ga ni ma abin da nake faɗa ke nan." Ya cire wani abu a kuɗin, ya ce a yi haƙuri, kasuwa ce ba daɗi.

Ban yi musu ba. Dattijo ne, kuma ta hannun Kawu aka haɗa mu.

Amma tun daga can har gida maganar tana cina. Da Alhaji yana nan lokacin da bakin ya ci karo da rodi a rami na kusurwa! Injin ya fizge, ba don kulocin da ke cikinsa, mai yanke juyi in baki ya maƙale, ya saki ba, kuma hannuna na hagu yana kan mariƙin gefe, da wuyan hannu ya tafi, ni kuma ina bakin dekin. Sanin cewa a nan sai a tsaya a matsar da ramin, ba a ci gaba da cin rodin mutane ba, wannan ba injin ne ya sani ba. Haka busa ƙurar kowane rami kafin a sa ƙusar kankare, don in ƙura ta zauna a ciki ba ta kamawa sosai, wata rana iskar farkon damina ta zo ta yi gaba da tanki. Shi ma ba wanda ya gani.

Balle abin da nake yi bayan isha'i. Goge gindin kowane bit, a ɗan shafa masa giris kaɗan, ba a cika ba. Duba robar baki ko ta tsage, don ta nan ƙurar siminti take shiga ta haɗu da giris ta zama abin da ke cinye ƙarfe a hankali. Busa ramukan iska. Leƙa kabon, wato gawayin da ke kai wa koyil ɗin injin wuta, in ya gajarce a canza guda biyun tare kafin ya fara tartsatsi ya ɓata koyil. Janareta ma nawa nake ɗauka, don injin wat 800 ne, in ka jona shi a ɗan ƙaramin janaretan nan na gida ko wutar da ta zo rabi-rabi, ka shirya zuwa wurin mai naɗin koyil a Sabon Gari. Man janaretan kuwa daga aljihuna.

Auta ma yau na kama shi zai tsoma bakin da ya yi zafi a bokitin ruwa. Na daka masa tsawa fiye da yadda laifin ya kai. Ɗan ƙarfen da ke kan tsinin yana iya tsagewa in ya fita daga zafi zuwa sanyi farat ɗaya, wannan gaskiya ne, amma fushin na Alhaji ne. Takunkuminsa kuma yana wuya kamar sarƙa. Na gaji da faɗa masa cewa farar ƙurar nan in ta zauna a huhu ba ta fita.

Uwargida ta yi tuwon masara miyar kuka, ta ce in ci in daina tsaki. Gwaggo ta ji sauƙi, an sallame ta. Gobe Samaru, in Allah ya kai mu.

Ina cikin rubuta wannan sai ga kiran Alhaji. Bayan gaisuwa, wai ko zan ara masa injin jibi, maigadinsa zai huda wurin rataye labule, tunda abin ba wuya. Na ce ranka ya daɗe, ba na ba da aronsa, amma in ana so zan zo da kaina. Ya tambayi nawa. Na faɗa. Ya ce zai neme ni.