Kada ka sayi ram kafin ka san madabod ɗinka

Ƙannena masu sha'awar haɗa kwamfutar tebur da hannunku, ga abin da ya same ni, ko zai rage muku asara.

Lokacin da nake tara kayan kwamfutar da nake gyaran bidiyon biki da ita a Tudun Wada, kuɗin ba su zo a dunƙule ba, sai na riƙa saye ɗaya bayan ɗaya. Wata rana a wani shago cikin gari na ci karo da ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, guda biyu, kowanne giga 16, DDR4, da araha. Ban yi wata-wata ba na biya, na jefa a durowa. Bayan wata uku na sayi furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Ryzen 7000, da madabod, wato babban allon da ake ɗora sauran kayan a kai, mai mazaunin furosesa irin AM5. Daren da na zauna haɗawa, na ɗora ram a gurbinsa, ya ƙi shiga. Na juya shi, ya ƙi. Har na fara danna shi da babban yatsa, sai na haska da fitilar waya, na ga ɗan tsagin da ke tsakiyar haƙoransa bai hau kan ɗan tudun da ke cikin gurbin ba. Allah ya kiyaye ban karya komai ba.

DDR4 da DDR5 duk haƙora 288 gare su, tsawonsu ɗaya, amma da gangan aka gusar da tsagin don kada a cusa wani a mazaunin wani. AM5, da AMD ta fitar a 2022, DDR5 kaɗai yake ɗauka, AM4 kuwa DDR4. Furosesan Intel ƙarni na 12 zuwa na 14 yana tafiya da kowanne, amma madabod ne mai yanke hukunci, kuma galibi iri ɗaya tak yake karɓa. Da na mayar da ram ɗin, mai shagon ya ce, "Malam, kayan da suka yi wata uku a hannunka ai sai dai musaya da ciko." Da gaskiyarsa. Na cika, na karɓo DDR5.

Kuskure na biyu ya fi ci mini rai, domin ba ya nuna kansa. Gurbi huɗu ne a madabod ɗin, na saka biyun kusa da juna. Kwamfuta ta tashi, na yi hamdala. Ashe a yawancin madabod gurbi na biyu da na huɗu ake sakawa, in ka ƙirga daga wajen furosesa, su ne A2 da B2, don hanyoyi biyu da ke haɗa ram da furosesa su yi aiki tare. Ni a hanya ɗaya na cushe su. Yana rubuce a ɗan littafin da ke cikin kwali, ban buɗe ba.

Haka kuma gudun 6000 da aka buga a jikin kwalin ram ɗin ba ya zuwa da kansa. A 4800 yake ta tafiya, sai da wani abokin aiki daga Kawo ya shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ya kunna mini EXPO, saitin da ke kai ram cikakken gudunsa. A ɓangaren Intel XMP ake kiransa. Kusan wata shida ina zargin furosesa a banza.

Shawarata, ka sayi ram biyu da aka haɗa a kwali guda. Giga 16 ya ishi ɗalibi da mai aikin ofis, mai bidiyo ya nemi 32. Fitilu masu walƙiya a jikinsa ba sa ƙara masa gudu ko kaɗan, kada su ja ka.

In na hannu za ka saya, to ka buɗe ido. Gajeren ram na laftof ne, ba zai shiga ba. Akwai kuma na saba, wato manyan kwamfutocin kamfanoni, irin RDIMM, da ake sayarwa da arha, amma madabod na gida ba ya tashi da shi. Ka ce a gwada a gabanka, in ka je gida ka ɗora manhajar gwajin ram ta MemTest86 a filas ka bar shi ya kwana yana bincike, a daren da kake da tabbacin wuta ko inbata. In ya nuna kuskure ko guda ɗaya ne, ka mayar washegari da rasit ɗinka a hannu.