Abin da tsara kwas ya koya mini, daga ɗakin matuƙa jirgi zuwa sansanin gudun hijira

Ni ba matuƙin jirgi ba ne, ba ni kuma raba abinci a sansani. Aikina shi ne in tsara abin da za a koya wa masu waɗannan ayyuka, da yadda za a gane sun iya. Na fara da ma'aikatan jirgin sama, daga baya na koma wajen ma'aikatan agaji, kuma darasi mafi nauyi daga jiragen na taho da shi.

Duk wanda ya shiga wannan fanni sai ya karanta hatsarin tsibirin Tenerife. A watan Maris na 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Kyaftin ɗin jirgin da ya fara gudun tashi, na kamfanin KLM na ƙasar Holland, yana cikin manyan masu horar da matuƙa a kamfaninsa, wato ba ilimi ya rasa ba. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya yi shakka, har ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin. Kyaftin ya amsa masa da ƙarfin gwiwa cewa ya bari, shi kuma injiniyan bai sake magana ba. A ƙarshen 1978 wani jirgin United ya faɗi a Portland ta Amurka saboda mai ya ƙare, alhali hankalin kyaftin yana kan matsalar tayoyin sauka. Irin waɗannan ne suka sa aka ƙirƙiro horon haɗin kai tsakanin ma'aikatan jirgi, wanda jigonsa shi ne ƙarami ya iya buɗe baki, babba kuma ya saurara.

A wajenmu abin ya fi wuya, domin an tarbiyyantar da mu kada mu katse na gaba. Ba na ce wa ɗalibi ya ajiye kunyarsa a ƙofa, don ba zai yi ba, kuma tarbiyyar ba aibi ba ce. Kalmomi nake ba shi: ya kira mutum, ya faɗi abin da ya gani, ya kawo shawara, ya jira amsa. "Kyaftin, man nan ba zai kai mu ba, mu sauka yanzu." Sai ya maimaita a na'urar kwaikwayon tuƙi har bakinsa ya saba. Babban ma sai an horar da shi yadda zai karɓi maganar, in ba haka ba an yi aikin baban giwa.

Da na zo ɓangaren agaji sai na tarar ana cika aji da bayanai a allon majigi. Ɗauki awon dantsen yaro don gano tamowa. Kowa yana haddace cewa jan launi a zaren awon, wato ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani ce ga ɗan wata 6 zuwa 59. Amma miƙa masa yaro mai kuka, uwa tana kallo, layi ya yi tsawo: sai ya ja zaren awon har ya matse fata, ko ya sake shi, ko ya manta ya danna ƙafafu ya duba kumburi. Shi ya sa nake rage jawabi in ƙara gwaji da hannu, sannan in ba kowa ɗan kati mai matakai kaɗan, irin wanda matuƙa ke bi kafin tashi. A Borno kuwa kati da Turanci kaɗai ba ya isa, sai da Hausa da Kanuri.

Abin da ke damuna har yanzu shi ne yadda ake auna nasara. Matuƙin jirgi ana mayar da shi gwaji lokaci zuwa lokaci muddin yana aiki, in bai ci ba a dakatar da shi. Ma'aikacin agaji kuwa sau da yawa bita ce ta 'yan kwanaki a otal, a ba shi takardar shaida, a rubuta yawan mahalarta a rahoto, shi ke nan. Alhali shi ma rai ne a hannunsa. Yanzu ba na karɓar aikin tsara kwas sai an yarda a kasafin kuɗi cewa bayan wasu watanni mai duba aiki zai bi waɗanda aka horar har wurin aikinsu, ya tsaya ya ga yadda suke auna yaro.