Yadda Na Wanke Barista, Na Kashe Littafina

Shafi na 61 ne ya kashe mini littafi, kuma ni na rubuta shi da hannuna, ba wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya. Tun 2023 aka yi abin, amma har yau idan wata ta turo mini saƙo ta ce "Anti, yanzu na gama karanta littafinki na Barista," sai in ji gabana ya faɗi, domin na san tambayar da za ta biyo baya.

Shi ne littafina na uku, kuma na farko da na sa wa kuɗi. Shafi goma kyauta, daga nan naira 500, masu son a tura musu kai tsaye 1,000. Na fara saki a watan Janairu, daidai lokacin wahalar canjin kuɗi, ga tiransifa tana maƙalewa, wasu har katin waya suka riƙa turowa. Duk da haka zauren WhatsApp ɗin ya tara mutum ɗari huɗu da ɗoriya. Ta wannan ɓangaren ban da abin cewa sai godiya.

Labarin wata ɗalibar koyon jinya ce a Unguwar Rimi ta Kaduna, mahaifinta ɗan kasuwa ne a Kasuwar Sheikh Gumi. Na ɗora shi a 2022, watannin da jirgin ƙasa ya daina aiki bayan harin 28 ga Maris, lokacin da duk mai zuwa Abuja dole ya bi mota yana salati tun daga fita gari har ya wuce Rijana da Katari. A hanyar aka ɗauke Alhaji. Mutum uku kaɗai suka san zai yi tafiyar: amaryarsa, direbansa, da lauyan da ke riƙe masa takardun filaye. Lauyan nan shi ne Barista. Shi ya tsaya wa gidan, shi ke magana da masu garkuwa, shi ya kai kuɗin fansa, shi ke share wa yarinyar hawaye har soyayya ta shiga. Kuma shi ne ya sayar da Alhaji. Haka na tsara tun kafin in rubuta kalmar farko, yana nan a littafin rubutuna mai shuɗin bango, layi na biyu: "Barista ne. Da ɗan gari akan ci gari."

Matsalar ita ce na ƙera shi ya yi kyau fiye da kima. Mai sanyin murya, ba ya ɗaga ido ya kalli uwar yarinyar, yana zuwa da kankana da magani ba tare da an roƙe shi ba. Kafin shafi na 25 zauren ya haukace a kansa. "Allah ka ba mu irin Barista." "Anti, a ina ake samunsu?" Wata ta ce ta yi wa mijinta fushin kwana biyu saboda bai taɓa buɗe mata ƙofar mota ba, alhali ma babur gare shi. Shi kuwa wanda na tanada wa yarinyar, ɗan baffanta mai gyaran waya a Tudun Wada, suka sa masa suna Ɗan Anace. Ni kuma ina kwance ina karantawa ina dariyar mugunta, ina cewa za ku gani.

Ban yi musu rowar alamu ba. Na ba Barista waya biyu, babba da wata 'yar rakani-kashi da ba ya taɓa ɗagawa a gaban mutane. Na sa jar ƙasa a tayoyin motarsa ranar da ya ce a kotu ya wuni. Na sa ya ambaci miliyan talatin kafin yarinyar ta gaya masa abin da aka nema. Bayan an sako Alhaji kuma, na sa tsohon ya riƙa kawar da kai duk lokacin da ƙamshin turaren Barista ya shigo falo, shi kansa bai san dalili ba. Duk suna nan a fili, so ne ya rufe wa masu karatu ido, kamar yadda ya rufe wa yarinyar. Abin da nake nema ke nan.

Sai a shafi na 38, wajen ƙarfe goma na dare, wata lamba da ba ta taɓa cewa uffan ba ta ajiye layi ɗaya: "Ku bi Baristan nan a hankali. Wa ya gaya masa miliyan talatin suka ce?"

Kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai. Na kwanta, na tashi da asuba na tarar da saƙonni sun cika zauren har wayata tana sanƙarewa. Da farko ita suka yi wa ca: mai baƙar zuciya, 'yar hassada, wadda ba a taɓa so ba. Da suka koma suka duba shafin suka ga lallai ya faɗa, sai suka juyo kaina. "Anti, wallahi idan kika mayar da Barista mugu sai kin dawo mini da kuɗina." "Mun gaji da baƙin ciki a zahiri, a littafi ma sai an hana mu?" Wata ta bi ni ta bayan fage da saƙon murya tana kuka na gaske, ta ce tana da hawan jini, in ji tsoron Allah.

Abu biyu suka kama ni. Na farko tsoro, don kuɗin nan na riga na biya kuɗin makarantar yara da su, na canja waya. Na biyu kuwa na daɗe ban yarda da shi ba ko a zuciyata: haushi. Haushin cewa wata ta gano ni saura shafi ashirin da wani abu. Na so in nuna wa matar nan cewa ba a shiga kaina. Idan na ce matsin masu sharhi ne kaɗai ya sa na canja, na yi ƙarya, girman kai ya fi yawa a ciki.

Da a ce ina ta rubutu ba tsayawa, wataƙila da zafin labarin ya ja ni na wuce. To sai azumi ya kama a ƙarshen Maris, na ajiye alƙalami kamar yadda yawancinmu muke yi, sai bayan Salla. Wata guda cur ina juya maganar, ina soya ƙosai ina juyawa, ina jiran sahur ina komawa zauren ina sake karanta barazanar da ya kamata in share. A goman ƙarshe na yanke shawara. Na ɗauke laifin daga kan Barista na jibga wa amaryar Alhaji, na haɗa ta da direba, na ƙara da boka don miya ta yi kauri. Kishiya da boka! Tun zamanin littattafan kasuwar Kano su ake ɗora wa kaya idan marubuci ya rasa mafita, ni da nake cika baki na zo da sabon salo sai ga ni a layinsu.

Ƙanwata ce kaɗai ta san tsarin farko. Da na karanta mata sabon ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, to jar ƙasar tayar fa? Da ƙaramar wayar?" Na ce mata wa zai tuna, an yi wata guda ana shan kunu. Wannan maganar tawa ita ce wautar da ta fi kowacce.

Na saki shafi na 61 kwana uku bayan Salla. Aka yi guɗa, aka yi ruwan sitika, aka yi ta sa mini albarka. Kwana biyu. Daga nan zauren ya fara mutuwa a hannuna ina kallo. Dalilin a bayyane yake, ni ce ban gan shi ba: littafin gaba ɗaya a kan tsoro yake tsaye, tsoron cewa yarinyar tana tafiya da ƙafarta zuwa gidan wanda ya sayar da ubanta. Da na wanke shi, me ya rage? Biki. Na cika shafi tara da lefe da anko da kamu da walima, ina lissafa kalar leshi kamar mai shago. Waɗanda suka yi ta ihun a bar musu Barista su ne suka fara daina sharhi, sun sami abin da suke so, sun koma wani zauren inda ake tayar musu da hankali. Ita kuwa mai hawan jini, daga baya aka turo mini hoton abin da ta rubuta a wani wuri: wai littafin ya fara da daɗi amma ƙarshensa lami. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Sannan tambayoyi suka fara shigowa ta bayan fage, daga mutanen da ban taɓa ganin sunansu ba. Cikin ladabi, ba zagi. "Anti, ban gane ba, me ya sa Alhaji yake gudun turarensa?" "Ita ƙaramar wayar ta mece ce?" Sai na zauna na ƙirga masu yin sharhi kullum a zauren, ba su kai arba'in ba. Mutum ɗari huɗu suka biya, na rubuta wa arba'in ƙarshen labari, sauran suna can shiru suna harhaɗa alamun da na ajiye musu, suna jiran ranar da za a biya su haƙurinsu.

Saƙon matar shafi na 38 ya zo bayan na rubuta "Tammat". Minti bakwai. Ina kicin na kunna, albasa tana kan wuta. Muryar dattijuwa ce, ashe tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, tana zaune a Badarawa, jikarta ce ta sa ta a zauren. Ta ce, "'Yata, ba faɗa zan yi miki ba." Sai ta jero alamun nan ɗaya bayan ɗaya, da lambar shafin kowacce, a takarda take rubutawa. Ta ce su ma an taɓa ɗauke musu mutum, kuma da gaskiya ta fito, wanda ya ba da shi yaro ne da ke cin tuwo a gidansu, shi ya fi kowa zirga-zirga lokacin neman kuɗin fansa. Ta ce, "Da na ga Baristanki sai na ce yarinyar nan ta san abin da take yi. Kishiya ai kowa ya san ya yi hattara da ita. Wanda ba a hattara da shi kika fara nuna mana, sai kika ji tsoro kika janye hannu." Ban farga ba sai da hayaƙi ya cika kicin, albasar ta zama gawayi.

Na ba ta amsa da "Haka ne, Mama, na gode," don ban da wata. Ban iya gaya mata cewa rabin dalilin ita ce ba.

Masu tasowa suna yawan tambayata yadda ake yi da masu sharhi. Ni dai abin da na ɗanɗana shi zan faɗa. Idan labarinki na sarƙaƙiya ne, kada ki saki shafin farko sai kin rubuta na ƙarshe, rubutawa ta gaske, ba layi biyu a littafin rubutu ba, domin layi biyu suna da sauƙin sokewa. Idan suka fara rantsuwa za su karɓi kuɗinsu, ƙugiyar ce ta kama, ba lokacin sassauta zare ba ne. Cikin duk masu barazanar nan ko mutum ɗaya ba ta fita daga zauren ba, masu tafiya ba sa sallama. Da na buɗe littafi na huɗu, waɗanda suka biya ba su kai rabin na baya ba, kuma ba wadda ta ce mini ga dalili. Idan kuma wata ta gano mugun tun da wuri, ki gode wa Allah, shaida ce cewa kin yi adalci wajen ajiye alamu. Wanda ya gano ba ya daina karatu, ƙara manne wa yake yi don ya ga ko ya canka. Ni na ɗauki hakan a matsayin an kayar da ni, na rushe gida don kada baƙuwa ta ce ta san hanyar ɗaki.

Ba cewa nake a toshe kunne ba. Masu karatu sun sha gyara mini abubuwa, wata ma'aikaciyar jinya ta taɓa nuna mini na sa an yi ƙarin jini ba a duba rukuni ba, na gyara na gode mata. Irin wannan a karɓa da hannu biyu. Amma wa zai mutu, wa zai auri wa, wa ya ci amana, wannan ba a kaɗa masa ƙuri'a. Yanzu ranar Juma'a kaɗai nake leƙa sharhi, ƙanwata ce ke riƙe zauren sauran kwanakin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ya gyaruwa. Littafin da aka buga a takarda ana iya sake bugu. Namu kuwa kafin ki farga an haɗe shafukan wuri guda an watsa a zauruka, wani ya ɗora a shafinsa, wani ya karanta a YouTube ba ko sallama. Barista mai gaskiya ya riga ya zaga duniya, ya auri yarinyar, har na ba su tagwaye.

Bara na zauna na buga ainihin shafi na 61 zuwa ƙarshe, yadda yake a littafin mai shuɗin bango, inda ɗan baffan nan ya karɓi ƙaramar wayar don gyara ya ga lambar da ke ciki. Mutum ɗaya na tura wa. Bayan kwana biyu Mama ta kira ni, ta ce yanzu ta sami barci. Sai ta ƙara da cewa alamar da ta fi burge ta tun farko ba miliyan talatin ba ce, ta shafi na 22 ce, inda ya ce a kotu ya wuni alhali na riga na nuna ranar Asabar ce, yarinyar ta dawo daga Islamiyya. "Kotu ranar Asabar! Nan na ce yarinyar nan akwai kai."

Na koma na duba. Asabar ce kuwa. Kuskure ne tsagwaronsa, ban taɓa lura ba. Na ce, "Allah ya ƙara girma, Mama, ba abin da ke wuce ki," na bar ta a haka.